Baba Akawu da Baba Direba: Shaidar Masu Bin Fayil ɗin 'Yan Fansho a Abuja

Mu da muke zama teburin karɓar koke a reshen ƙungiyar 'yan fansho a Abuja, iyalan wasu dattawa biyu sun yarje mana mu ba da labarinsu, bisa sharaɗin a sakaya suna. Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan yana nan da ransa. A unguwa ana kiransu Baba Akawu da Baba Direba, mu ma haka za mu kira su. Mun zaɓe su ne don tare suka kama aiki, a ma'aikata ɗaya, amma doka ta raba musu hanya, kowa ya sha irin tasa wahalar.

A zamanin Shagari suka shiga aikin gwamnatin tarayya a Legas, ɗaya akawu da takardar sakandare, ɗaya direba da lasisi. Da Babangida ya dawo da fadar gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikatu suka riƙa biyo baya rukuni-rukuni, su ma aka kwaso su, suka sami ɗakuna a Nyanya. Fayil-fayil kuwa a manyan motoci aka lodo su. Wasu sun iso lafiya, wasu ruwa ya ci, wasu har yau babu wanda ya san inda suka kwana. A lokacin babu wanda ya damu, tunda albashi yana shiga. Takardar da ta ɓace a hanyar Lakwaja ba ta tayar da magana sai ranar ritaya.

Abin da ya raba su shi ne dokar gyaran fansho ta 2004, wadda Obasanjo ya sa wa hannu. Kafin ta, ma'aikaci ba ya zuba ko kwabo, gwamnati ce ke biyansa daga kasafin kuɗi bisa dokar soja mai lamba 102 ta 1979. Sabuwar dokar ta kawo tsarin karo-karo: a cire kashi 7.5 daga albashi, gwamnati ta ɗora kashi 7.5, a zuba a asusun mutum na kansa da ke hannun kamfanin kula da fansho, hukumar PenCom tana sa ido. Wanda saura shekara uku ko ƙasa da haka ya yi ritaya, an bar shi a tsohon tsari. Shi ya sa ranar 30 ga Yuni 2007 ta zama iyaka.

Baba Direba bai kai shekarun ritaya ba, amma guguwar rage ma'aikata ta wajen 2006 ta haɗa da shi, lokacin da gwamnati ta ce ta daina riƙe direbobi da masinjoji da masu shara. Aka lissafa shi a tsohon tsari. Lissafin ba shi da wuya. Mai shekara 10 yana samun fanshon kashi 30 na albashinsa na shekara, da giratuti, wato dunƙulen kuɗin sallama, kashi 100. Kowace shekara da ta ƙaru, fansho ya hau da kashi 2, giratuti da kashi 8, har shekara 35, inda fansho ke tsayawa a kashi 80, giratuti a 300. A matsayin misali, mai albashin naira 600,000 a shekara da ya cika 35 zai karɓi giratutin miliyan 1.8, da fanshon 40,000 a wata. Mai shekara 26 kuwa kashi 62 ne fanshonsa, giratuti 228. Duk ɗan fansho ya kamata ya iya wannan lissafi da biro a bayan ambulan, don yawancin ƙarancin biya daga wurare biyu yake fitowa: ko an rage shekarun aiki, ko an yi lissafi da matakin albashin da mutum ya riga ya wuce.

Na Baba Direba na biyun ne. An yi masa ƙarin girma gab da sallama, amma takardar ba ta shiga fayil ba, sai aka lissafa masa da tsohon mataki. Ya yi shekaru yana karɓar abin da bai kai haƙƙinsa ba, shi kuma yana godiya ga Allah, bai sani ba. Sai da ya zo wajenmu da jakar leda ɗaure da kyauron roba, muka baje takardun a kan benci. Can ƙasa muka ga kwafin takardar ƙarin girman, irin bugun tafireta da kabon, ta yi ja, ninkin ya kusa raba ta biyu, amma lambar wasiƙa da kwanan wata suna karantuwa. Sakataren reshe ya ce masa, "Baba, wannan takardar ta fi duk sauran daraja, kada ka sake bari ta fita hannunka. Kwafi za mu kai." Ya ce, "Yaro, ai ni don hotona da ke maƙale a jiki na ajiye ta."

Ga yadda ake gyara irin wannan. Ana rubuta koke gajere, shafi ɗaya, a faɗi abu ɗaya da ake nema. A haɗa da takardar kama aiki, ta tabbatar da aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta amincewa da ritaya ko sallama, takardar lissafin haƙƙi da aka yi tun farko, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru, sai bayanin asusun banki mai hatimi da ke nuna abin da ke shiga, da lambar BVN da ta NIN. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa a buga wa ɗayan hatimin karɓa da kwanan wata. Koken da babu hatimin karɓa a kansa, a wajenmu ba a kai shi ba. Yau hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013, ita ke biyan 'yan tsohon tsari na tarayya: na ma'aikatu, na 'yan sanda, na kwastan da shige da fice da gidan yari, da na hukumomi da kamfanonin gwamnati. Amma ba ita ta ba mutum ƙarin girma ba, dole tsohuwar ma'aikatarsa ta tabbatar a rubuce. A nan ake daɗewa, musamman idan an narkar da ma'aikatar cikin wata ko an canja mata suna. An gyara wa Baba Direba, aka biya shi cikon baya. Da shi ya rufe ɗakuna biyu a bayan Mararraba, ya fita daga haya.

Masu zagin yawan tantancewa su tuna abin da ya jawo ta. Kafin PTAD, sunayen bogi sun cika jerin biyan fansho, na gaskiya kuma suna kwana a barandar ofisoshi. A 2013 wata kotu a Abuja ta ci John Yakubu Yusuf, wani jami'in ofishin fanshon 'yan sanda, tarar naira 750,000 kacal a shari'ar kuɗin fanshon 'yan sanda na biliyoyi, ƙasa ta ɗauki kuka. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora ya gyara harkar, a Nuwamba 2021 aka yanke masa shekara takwas a gidan yari. Ƙungiya ba ta taɓa ƙin tantancewa ba. Abin da ta yi ta faɗa a kai shi ne a daina tara tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga cikin rana. Yanzu akwai tsarin tabbatar da cewa mutum yana raye ta intanet, da hoton fuska ko zanen yatsa. Ya rage wahala, amma yana da tasa matsalar. Yatsun Baba Direba sun goge da sitiyari da sifana, na'ura ba ta karanta su. Jikansa ne ke fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, ya cire masa hula da tabarau, ya riƙe wayar daidai fuska har ta karɓa. A cikin ɗaki mai duhu, ko da lambar asusun da ba ita ce ake biyan fansho ciki ba, ba ya tafiya. Wanda ya yi sakaci har wa'adi ya wuce, ana iya dakatar da biyansa, kuma dawo da suna ya fi kiyaye shi wuya nesa ba kusa ba.

Baba Akawu shi ne ya zauna har ya cika shekara 35, don haka ya faɗa sabon tsari. A takarda ya fi abokinsa sa'a, tunda ya fita da mataki mai tsoka. A zahiri shi ya fi shan wuya a shekarar farko.

Kuɗin irin su Baba Akawu kashi biyu ne. Akwai abin da aka tara tun daga Yuli 2004, wanda ke cikin asusunsa. Akwai kuma haƙƙin shekarun da ya yi kafin nan, sama da ashirin, wanda gwamnati ta ɗauka bashi a kanta, ta ce za ta riƙa ware kashi 5 na jimillar albashi a wani asusu a Babban Bankin Najeriya don biyansa. A lokacin, shekara guda kafin ritaya PenCom ke yi wa ma'aikaci rajista, a lissafa wannan haƙƙi, a sa a kasafin kuɗi. Wanda ya tsallake rajistar ya tura kansa baya da shekara. Wanda ya yi ma, a wancan lokaci, sai ya jira, domin kamfanin fansho ba ya fara biya sai kashi biyun sun haɗu, kuɗin kuma ba sa fita kan kari. Albashi ya tsaya, fansho bai fara ba. Baba Akawu ya haura shekara a haka. Ya sayar da fili, matarsa ta koma suyar ƙosai a bakin titi, 'yarsu ta ajiye karatu zango guda. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana shirya wa wasu takardar biyan albashi, shi ne yake karɓar shinkafa bashi da mudu.

Nasa ya ƙara ja saboda saɓanin bayani. Lokacin kama aiki ya yi rantsuwar shekaru da wata rana, da aka zo NIN aka rubuta wata daban, a banki kuma sunan garinsu ne a matsayin sunan mahaifi. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Ranar haihuwar da aka shigar a kundin aiki tun farko ita ce abin dogaro, sauran ake gyarawa su bi ta, kuma gyaran yana cin makonni, wani lokaci watanni, da rantsuwar kotu da sanarwa a jarida idan suna ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya rage masa shekara biyar ya karɓi kwafin kundin aikinsa, ya jera shi da NIN da BVN da bayanin kamfanin fansho, ya duba harafi-harafi. Ya kuma karanta bayanin asusunsa wata-wata. Doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, wanda ya makara akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 ba a kowane wata, amma idan ma'aikaci bai ga giɓin ba, babu mai gani masa. Dokar 2014 ta ɗaga zubin zuwa kashi 8 daga ma'aikaci da 10 daga mai aiki, gwamnatin tarayya kuma ta ci gaba da zuba 7.5 na shekaru, sai a 2021 aka amince a biya cikon kashi 2.5 ɗin.

Da kuɗin suka haɗu, aka zaunar da shi zaɓi, kuma a nan mutane da yawa ke sa hannu ba su fahimta ba. Dunƙulen farko ba giratuti ba ne irin na da, daga cikin kuɗin mutum ake yanka masa, galibi kusan kashi 25, gwargwadon abin da zai rage ya iya ɗaukar biyan wata-wata. Sauran kuwa ko a bar shi a kamfanin fansho ana tsakura masa, ko a miƙa wa kamfanin inshora ya biya shi har ƙarshen rai. A na farko, idan ya rasu, abin da ya rage na magada ne. A na inshora ana lamunce shekara goma: ya rasu kafin su cika, magada su karɓi cikon, ya wuce su, babu abin gado. Ana iya tashi daga na farko a koma na inshora, amma ba a dawowa. Mu ba ma zaɓar wa kowa. Abin da muke cewa shi ne kada a sa hannu a ranar da aka nuna takarda, a tafi da ita gida, a karanta da 'ya'ya. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ya tambayi asusun da babu kuɗin ruwa a cikinsa, wanda PenCom ta buɗe a 2021. Baba Akawu ya zaɓi barin kuɗin a kamfanin fansho, saboda yana da ƙananan yara.

Daga nan ya zama ɗan ƙungiya na gaske, shi ke riƙe littafin koke na reshe, da rubutunsa mai kyau na tsofaffin akawuna. Ya kan ce ma'aikaci yana da yajin aiki, ɗan fansho in ya yi yaji wa zai ji? Gaskiyarsa. Ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta NLC, makamanta uku ne: takarda, kunyata hukuma a bainar jama'a, da goyon bayan masu aiki. Madogararta kuwa sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999, da na 210 ga jihohi, waɗanda suka ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi, wanda ya riga zuwa, kuma ba a cire haraji a fansho. Magana a fili take, amma ba ta aiwatar da kanta. Da aka ƙara albashi a 2010, 'yan fansho kashi 33 aka ba su, bashinsa kuma aka yi ta biya gutsi-gutsi har cikin mulkin Buhari. Mafi ƙarancin albashi ya koma 30,000 a 2019, daidaita fansho bai zo ba sai 2021. Da ya koma 70,000 a Yuli 2024, aka amince da ƙarin 32,000 a wata ga 'yan tsohon tsari, shi ma sai da aka bi shi.

Dalilin jinkirin yana cikin tsawon hanyar. Shugaban ƙasa ya amince. Hukumar albashi ta ƙasa ta fitar da takardar umarni da ranar fara aiki. Mai biya ya lissafa kowa da kowa. A sa kuɗin a kasafi, majalisa ta zartar, ma'aikatar kuɗi da ofishin babban akanta su saki. Kowane gaɓa na iya cin watanni, kuma takardar umarni da babu kuɗi a bayanta labari ne kawai. Shi ya sa ƙungiya ke tafiya mataki-mataki: reshe ya tattara sunaye da lambobi da adadin abin da ake bi, uwar ƙungiya ta rubuta, a nemi zama, a kai wa kwamitocin majalisa, a kira 'yan jarida, a ba da wa'adin kwana 14 ko 21. Sai duk sun ƙi ci ake fita ƙofar ma'aikata da tabarmi da kwalaye. Zanga-zangar tsofaffi tana da nata shiri, ruwa da kujeru da mai duba hawan jini, a fito da sassafe a watse kafin rana ta take. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana da hurumin shari'ar fansho, sai dai hukunci daban, biya daban. A Fabrairu 2025 majalisar zartarwa ta amince da takardun lamuni na naira biliyan 758 don sauke basussukan tsarin karo-karo, ciki har da haƙƙin shekarun baya da ƙare-ƙaren da ba a biya ba. Wannan kuka ne da su Baba Akawu suka daɗe suna yi, shi bai kai ga gani ba.

Mu ma muna da namu laifin a ƙungiya. Rigimar shugabanci da rabuwar kai sun sha ba hukumomi damar cewa ba su san da wa za su zauna ba. Kuma ana cire kuɗin ƙungiya daga fanshon mutane, don haka haƙƙinsu ne su tambayi inda ya tafi. Akwai kuma dillalan da ke shawagi a bakin ofisoshi, suna cewa a ba su wani kaso su fito da fayil, da masu bugo waya da sunan hukuma suna neman lambar katin banki. Babu hukumar fansho da ke karɓar kuɗi kafin ta biya haƙƙi.

Da Baba Akawu ya rasu, bayan sadakar bakwai Hajiyarsa ta zo da babban ɗansu. Ɗan ya ce ai sunansa ne a fom a matsayin makusanci, don haka shi za a ba. Muka ce masa, "Malam, makusanci wanda za a nema ne idan abu ya faru, ba shi ne magaji shi kaɗai ba." Kamfanin fansho yana buƙatar shaidar rasuwa, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu ko wasiyyar da kotu ta tabbatar, da shaidar waɗanda kotun ta naɗa, da asusun banki da aka buɗe da sunan gadon. A can kuɗin ke sauka, sannan a raba bisa shari'a. Abin da ya fi tsayar da irin wannan fayil shi ne rikicin gida, mata biyu kowace da nata lauya, ko a ɓoye wasu 'ya'ya a jerin magada daga baya su bayyana. Hajiya ta tara kowa tun farko, har da ɗiyar da ke aure a Keffi, aka rubuta sunaye gaba ɗaya, cikin 'yan watanni aka biya su. Da a bakin aiki ya rasu, da akwai ƙarin inshorar rai, wadda doka ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara, iyalai da yawa ba su ma san ana nemanta ba.

Gidan Baba Direba mun riga mun yi musu bayani cewa nasu daban ne. A tsohon tsari shekara biyar aka lamunce bayan ritaya, shi kuwa ya wuce su tuntuni, don haka ranar da ta Allah ta kasance fansho ya tsaya, abin da magada za su nema sai bashin da yake bi kafin rasuwa. Su kai rahoto da wuri, kada su ci gaba da cirar kuɗi da katinsa, don za a bi su a karɓe.

Yanzu shi ke zama a kujerar gaba a taron reshe na wata-wata, yana ƙorafin kuɗin mota daga Mararraba da na maganin hawan jini, waɗanda suke lashe ƙarin tun kafin tsakiyar wata. Abubuwan da ke kan teburin ƙungiya su ne inshorar lafiya ga 'yan fansho, da mafi ƙarancin fansho da dokar 2014 ta yi alkawari a tsarin karo-karo, da 'yan fanshon jihohi da ƙananan hukumomi waɗanda wasunsu ba a taɓa daidaita musu ba tun ƙarin 2019. Dokar albashi ta 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, ke nan 2027 za a koma teburi, kuma buƙatarmu ita ce a fitar da ƙarin fansho rana ɗaya da na albashi, da kuɗinsa a cikin kasafin shekarar.